Outbreak, surge, relapse da danginsu: yadda Turanci ke rarrabe ɓarkewar abu da dawowarsa

Wata ƙanwata da ke aikin fassarar labarai a gidan rediyo ce ta aiko da tambayar. Ta ce kullum tana cin karo da kalmomi irin su "outbreak", "surge", "spate", "flare-up", "relapse" da "resurgence", kuma duk wadda ta duba a ƙamus sai ta tarar da kusan abu ɗaya, ko dai ɓarkewa ko dawowa. Tana so ta san ko da gaske akwai bambanci a tsakaninsu, ko kuwa masu rubutun ne kawai ke sauya kalma don gudun maimaici.

Ƙanwata, akwai bambanci, kuma a labarin lafiya bambancin yana iya sauya abin da mai sauraro zai yi da rayuwarsa. Kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da wani bayani da ba a furta ba game da tarihin abin: shin da can babu shi sai yanzu ya ɓullo, ko yana nan ya ƙaru, ko kuwa an ɗauka ya tafi sai ga shi ya komo. Idan kika saba tambayar kanki wannan kafin ki zaɓi kalma, rabin wahalar ta kau.

Mu fara da "outbreak", tunda ita kika fi gani. Ana amfani da ita idan cuta, yaƙi ko tarzoma ta taso kwatsam a wani wuri, fiye da abin da aka saba gani a wurin. Ki lura da wannan sharaɗin na ƙarshe, domin shi ne ginshiƙi. Yawan mutane ba shi ne ma'auni ba. A cuta irin Ebola, mutum ɗaya tak da aka tabbatar ya kamu ya isa a kira abin "outbreak", saboda abin da aka saba gani shi ne babu ko ɗaya. Lokacin da cutar ta shigo Legas a watan Yulin 2014, mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana majinyacin farko barin asibiti. Duk duniya "outbreak" aka kira shi. Amma zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da dubban mutane a kowace damina, ba a cika kiransa haka ba, domin ya zama ɗan gida. Kalmarsa ita ce "endemic", wato cutar da ke zaune daram a wani yanki. Najeriya kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, saboda haka ƙaruwarsa a watan Agusta ko Satumba ba ɓarkewa ba ce, hauhawa ce ta lokaci da aka san da zuwanta. Haka zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Borno: yana nan kullum, yana ƙaruwa da rani.

"Epidemic" a wurin masana cututtuka kusan ma'anarta ɗaya da "outbreak", sai dai ta fi faɗi da nauyi. Sanƙarau na 1996 a arewacin Najeriya, wanda ya kama mutum sama da 100,000 ya kuma kashe fiye da 11,000, shi ne irin abin da ake nufi. Wannan annoba ce ba tantama. "Pandemic" kuwa ita ce wadda ta ƙetare ƙasashe da nahiyoyi, kamar murar 1918 da korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa wannan suna a ranar 11 ga Maris, 2020. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne kalmar tana magana ne a kan nisan yaɗuwa, ba a kan tsananin kisa ba. Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo, kuma cikin waɗanda ta kama kason da take kashewa ya ninka na korona nesa ba kusa ba, amma ba a kira ta "pandemic" ba.

Akwai ƙa'idar nahawu da ke tuntuɓe da mutane da yawa. "Outbreak" suna ne, ba aikatau ba. Aikatau ɗin shi ne "break out": "cholera broke out", "war broke out in 1939". Ba a cewa "cholera outbroke", ba a kuma cewa "was broken out". Idan kuma kika haɗe shi kika rubuta "breakout", kin koma wani zance daban, ko dai tserewar fursunoni daga gidan yari ko fesowar ƙuraje a fuska. Sai kuma "fire outbreak" da jaridunmu na Turanci suka riƙa, kamar yadda suka yi ta rubutawa lokacin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Kowane ɗan Najeriya ya fahimce ta, kuma ban ga dalilin raina ta ba a cikin gida. Sai dai idan kina rubuta wa edita a Landan, shi zai fi sa ran ganin "a fire broke out".

Yanzu ga kalmomin da ke magana a kan abin da dama yana nan sai ya ƙaru. "Surge" asalinta toroƙon igiyar teku ce da ke tunkuɗo kanta gaba da ƙarfi, shi ya sa ake amfani da ita ga ƙaruwa mai ƙarfi da ke iya ɗaukar lokaci ba ta sauka ba. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma bai koma ba. Wannan "surge" ne, abin da mu muke cewa tashin gwauron zabi. Idan aka kawo wutar lantarki da ƙarfin da ya wuce kima ta ƙone firji, shi ma "power surge" ne. "Spike" kuma tsini ne. Ki kalli zanen jadawali inda layi ya cilla sama ya yi tsini sannan ya faɗo: shi ke nan. Zafin jikin yaro da ya haura cikin dare ya sauka da asuba "spike" ne. Don haka wanda ya rubuta "spike" yana nuna maki, ko da bai faɗa ba, cewa tashin na farat ɗaya ne kuma mai yiwuwa ba zai daɗe ba. "Upsurge" 'yar'uwar "surge" ce da ta fi zama a rubutun hukuma. "Uptick" ɗan ƙari ne kaɗan, kuma kuskure ne babba a fassara ta da ɓarkewa. "Wave" ana kawo ta idan abin yana zuwa yana lafawa yana sake zuwa, kamar yadda aka riƙa lissafa zagayen korona na farko da na biyu. A murar 1918 ma zagaye na biyu ne ya fi kisa.

"Spate" da "rash" aikinsu daban ne, kuma sauƙin gane su shi ne galibi jam'i ke bin su. Ana cewa "a spate of kidnappings", "a rash of burglaries", wato aukuwa iri ɗaya da ta yi ta faruwa a jere cikin ɗan lokaci. Ba a cewa "a spate of cholera", domin kwalara ba abu ba ne da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a ce "a spate of cholera deaths". "Spate" daga cikar kogi ta samo asali, har yanzu a Birtaniya ana cewa kogi yana "in spate" idan ya cika ya tumbatsa. "Rash" kuwa daga ƙurajen fata aka aro ta, shi ya sa ba a cika amfani da ita ga abin alheri ba. A Hausa yawaitar kaza ko jerin kaza sun wadatar. Ki kiyaye da wata "rash" ɗin ta daban, wadda ke nufin garaje, kamar a "a rash decision".

A kan "burst" da "outburst" ba sai na ja ba. "Burst" ɗan gajeren fitowar abu ne da ƙarfi: harbin bindiga a jere, tafi, gudu na ɗan lokaci. "Outburst" ta fi karkata ga abin da ke zuciyar mutum, musamman fushi da ya kasa dannewa ya amayar a gaban jama'a. Wurin da ake yawan zamewa shi ne ginin jimla. Ana cewa "burst into tears" da suna, amma "burst out crying" da aikatau. Mu kuma mu ce ta fashe da kuka, ya tuntsire da dariya, motar ta kama da wuta. Kuma shuɗaɗɗen lokacinta "burst" ne, babu "bursted". "Erupt" ta dutse mai aman wuta ce, tana nuna cewa abin ya daɗe yana taruwa a ƙasa kafin ya fashe. Da ita aka bayyana abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru a watan Agustan 1986, lokacin da iskar da ta taru a ƙarƙashin ruwa ta taso cikin dare ta kashe mutum sama da 1,700. Idan ɗan jarida ya ce "violence erupted", ya riga ya yanke hukunci cewa akwai jiƙaƙƙiya tun da can.

To, ga inda nake so mu zauna sosai, wato kalmomin dawowa, domin a nan ne fassara mara kyau ta fi cutarwa.

"Flare-up" ki ɗauke ta kamar garwashin da toka ta rufe a murhu: an ɗauka wutar ta mutu, iska ta taso ta sake ruruwa. Ana amfani da ita ga ciwon da mutum ke zaune da shi, yana lafawa yana tashi, irin su asma, gyambon ciki da ciwon gaɓoɓi, da kuma rikicin da ba a kashe ba sai dai ya kwanta. A Hausa muna cewa ciwon ya motsa ko ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya da gangan ta zaɓi wannan kalmar a ƙarshen annobar Ebola. An ayyana cewa Laberiya ta rabu da cutar a watan Mayun 2015, sai ga sabon kamu a ƙarshen watan Yuni. Ba su kira shi sabuwar annoba ba, suka ce "flare-up", saboda bincike ya nuna ƙwayar cutar tana iya ɓuya watanni a jikin wasu da suka warke, ta sake fitowa daga can. Kalmar da kanta ta gaya wa ma'aikatan lafiya inda za su nema. A rubutu, sunan yana da ɗan layi a tsakiya, aikatau ɗin kuma babu: "a flare-up", amma "it flared up".

"Recurrence" ita ce uwar ɗaki. Duk abin da ya taɓa faruwa ya sake faruwa, ko cuta ko ambaliya ko mafarki, ana iya kiransa haka ba tare da an faɗi dalili ba. A ƙarƙashinta ne likitoci suke rarrabewa, kuma babu inda rarrabewar ta fi fitowa fili kamar a zazzaɓin cizon sauro. Mutum ya sha magani, ya ji sauƙi, bayan mako uku zazzaɓi ya dawo. Mai jinya zai ce zazzaɓin ne ya komo, kuma gaskiyarsa. Amma likita yana da kalmomi uku, kowace da maganinta.

Idan maganin bai kashe dukkan ƙwayoyin cutar da ke cikin jini ba, suka ragu har mutum ya ji garau, sannan suka sake hayayyafa, wannan shi ne "recrudescence". Kalmar daga Latin take, ma'anarta rauni ya sake zama ɗanye. Yakan faru idan an bar maganin tun kwana ukun da ake shan sa ba su cika ba, ko an sayi jabu, ko ƙwayar cutar ta fara jure wa maganin. Idan kuma an warke sarai, sai wani sauron ya sake cizo ya zuba sabuwar cuta, wannan "reinfection" ne, kuma abin dubawa a nan gidan sauro ne da kwatamin da ke bayan ɗaki. "Relapse" kuwa, a bakin masanin wannan cuta, tana da ma'ana ƙuntatacciya: nau'o'i biyu na ƙwayar, vivax da ovale, suna iya kwanciya barci a cikin hanta tsawon watanni, wani lokaci har shekaru, sannan su farka su koma jini ba tare da wani sabon cizo ba. Maganin da ke wanke jini ba ya kai musu. Sai an ba da irin su primaquine, shi ma bayan an gwada jinin mutum, domin yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu mutane. A Afirka ta Yamma nau'in falciparum ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi kuwa ba ya kwana a hanta. Wato ke nan mafi yawan abin da ake kira "relapse" na zazzaɓi a wajenmu, ko dai maganin ne bai gama aiki ba, ko sauro ne ya sake cizo. Ki duba yadda wannan ya shafi aikinki. Idan rahoto ya ce ana samun ƙaruwar "recrudescence" a wani yanki, labarin da ke ciki shi ne ana zargin magani ya fara gazawa ko ba a shan shi daidai. Idan kika ce kawai zazzaɓi yana yawan dawowa, kin zubar da labarin gaba ɗaya, uwar da ke sauraro kuma ba ta ji cewa ta ƙarasa ba ɗanta maganin ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu ba.

A Turancin yau da kullum "relapse" ta fi haka faɗi. Majinyacin da ya fara murmurewa sai jiki ya sake rikicewa, an ce ya yi "relapse". Ana faɗin haka ga tarin fuka, ga taɓin hankali, ga wanda ya daina shan ƙwaya ya koma. Masu kula da 'yan shaye-shaye ma sukan bambanta "lapse", wato zamewa sau ɗaya, da "relapse", wato komawa gidan jiya ɗungurungum, kuma ina ganin wannan bambanci yana da amfani ƙwarai ga iyaye, don kada su yanke ƙauna daga yaro saboda tuntuɓe ɗaya. A cutar daji, lokacin da ta lafa ana cewa "remission", idan ta komo a ce "recurrence" ko "relapse". Mai laifin da ya fito daga gidan yari ya koma ruwa kuma, kalmarsa "recidivism" ce, ba a amfani da ita ga cuta.

"Resurgence" ba ta mutum ɗaya ba ce, ta al'umma ce. Abin da aka ci ƙarfinsa har ya kusa ƙarewa, sai ya sake yunƙurowa. Shan inna ita ce misalin da muka gani da idonmu. A 2003 aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin arewa, Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, cutar ta sake ƙarfi har ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Yemen da Indonesiya. Wannan "resurgence" ce cikakkiya. Amma yaran da aka gano da cutar a Borno a watan Agustan 2016, bayan shekara biyu ba a ga ko ɗaya ba, binciken ƙwayar ya nuna tana nan tana yawo a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga; ba tafiya ta yi ba, ganinta ne ba a yi. Sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali. Mashaƙo da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 shi ma "resurgence" ne, domin tsohuwar cuta ce da rigakafi ya danne, giɓin rigakafin ya ba ta ƙofa. Sake kunno kai ko sake yunƙurowa sun dace da ita. Ba kamar "relapse" ba, ana iya amfani da ita ga abin alheri, misali sana'ar da ta kusa mutuwa ta farfaɗo.

Saura ƙananan kalmomin da ke auna ciwo a jikin mutum ɗaya. "A bout of malaria" kwanciya ɗaya ce ta zazzaɓi, daga farawa zuwa warkewa. Kalmar ce kuma ake amfani da ita ga turmin dambe. "Spell" ɗan lokaci ne na wani yanayi, kamar jiri ko ɗaukewar ruwan sama na 'yan makonni a tsakiyar damina. "Attack" ta asma ce da zuciya. Tashin ciwon sikila "crisis" ake ce masa, kuma masu ciwon da kansu haka suke faɗa. "Fit" ta tari ce ko fushi ko farfaɗiya, ko da yake likitoci yanzu sun fi son "seizure" ga farfaɗiya. "Paroxysm" ba za ki cika jin ta a bakin mutane ba, amma a littafin likitanci ita ce sunan wannan zagaye da kowa ya sani: rawar sanyi har haƙora na haɗuwa, sai zafi, sai gumi ya karyo.

Game da "recur" da "reoccur" da wasu ke ruɗewa: ta farko tana nuna maimaituwa a kai a kai, ta biyu kuma sake faruwa ko da sau ɗaya ne. Ki kula da rubutunsu, harafin r biyu ne a jere a "recurred" da "recurrence".

Wani abu da zai same ki a ɗakin labarai shi ne, su ma masu rubuta Turancin ba kullum suke kiyaye waɗannan iyakoki ba. Mai tsara kanun labari yakan zaɓi "surge" ko "spike" don gajeru ne kuma suna jan ido, ko da abin da ke cikin rahoton ɗan ƙari ne. Saboda haka idan kika ga "cholera cases surge", kada ki fassara daga kanun. Ki gangara cikin labarin ki nemi adadin, ki ga da wane lokaci aka kwatanta shi, makon jiya ko bara war haka. Idan cutar ba ta wurin a da, ki ce ta ɓulla. Idan ta bazu da sauri ta wuce abin da aka saba, ki ce ta ɓarke. Idan dama tana nan, ki ce ta ƙaru ko ta yi ƙamari, ki kuma faɗi adadin. Kalmar annoba kuwa ki jira har sai hukumar lafiya ta ayyana, ko alƙaluman da ke gabanki sun kai a kira ta haka.